Me Ke Renon Gaba Tsakanin Mabiya Addinai?

A ranar Litinin, 22 ga watan Agusta na shekarar 2016, tarzoma ta tashi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, bayan da aka zargi wani ɗalibi da furta kalmomin ɓatanci ga Manzon Allah (S.A.W.). Ɗalibai suka yi masa taron dangi, suka bar shi kwance suna zaton ya cika. Wani bawan Allah mazaunin garin ya ɗauke shi a motarsa ya kai shi asibiti. Da labari ya isa kunnen masu tarzomar, sai suka juya kan wannan mai taimako, suka cinna wa gidansa wuta, mutum 8 suka ƙone a ciki. Hukuma ta kafa dokar hana fita, gari ya yi tsit.

Tun kafin a rufe gawawwakin, labari ya riga ya bazu a wasu sassan ƙasar nan cewa an ƙone Kiristoci 8 a Zamfara. Gwamnan jihar na lokacin, Alhaji Abdul'aziz Yari, wanda shi kansa ɗan Mafara ne, ya fito ya bayyana cewa faɗa ne tsakanin ɗalibai biyu ya zama mafarin abin, kuma waɗanda suka halaka a gidan duk Musulmi ne. To amma kowane ɓangare ya riƙe labarin da ya yi daidai da abin da ke cikin zuciyarsa tun can. An kai matsayin da idan aka ji an kashe mutum, sai an tambayi addininsa tukuna a san ko za a yi juyayi. Ya kamata kuwa a tsaya a binciki abin da ya kawo wannan hali, domin bambancin aƙida tsakanin Musulmi da Kirista daɗaɗɗe ne, kuma da shi kaɗai ke haddasa kisa da kullum ana cikin zub da jini a kowace kasuwa.

Ƙasar Indiya ta isa misali ga mai neman fahimtar wannan al'amari. Mutanen ƙasar Hausa, tun daga Kano har ƙauyuka irin su Damaga ta ƙasar Maradun, sun san Indiya ta hanyar silima. Sun san Dilip Kumar, ko da yake kaɗan ne suka san sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan. Sun kalli Amar Akbar Anthony na 1977, labarin 'yan'uwa uku da aka rena ɗaya a gidan Hindu, ɗaya a gidan Musulmi, ɗaya a majami'a. Wannan hoto yana da tushe a tarihi. A 1857, lokacin da sojojin Indiya suka yi wa Turawan Ingila tawaye, 'yan Hindu da Musulmi sahu guda suka tsaya, abin da ya tunzura su ma abu ɗaya ne, watau zancen cewa an shafa wa harsasan da aka ba su kitsen saniya da na alade. Suka tafi Delhi tare suka yi mubaya'a ga sarki Musulmi, Bahadur Shah.

Bayan shekara 90 kacal, jikokin waɗannan mutane ne suka riƙa yanka juna a cikin jiragen ƙasa. Abin da ya faru a tsakani shi ne Turawa sun shiga ƙirga jama'a addini-addini tun daga ƙidayar 1872, sa'an nan a 1909 suka yi doka cewa Musulmi su zaɓi wakilansu daban a kujerun da aka keɓe musu. Daga ranar nan ɗan siyasa ba ya bukatar ƙuri'ar wanda ba addininsu ɗaya ba, saboda haka ba shi da dalilin lallashinsa, hasali ma ribarsa tana cikin tsoratar da nasa mutanen game da wancan. Musulmi suka ji tsoron in Bature ya tafi rinjayen 'yan Hindu zai danne su, 'yan Hindu kuma suka ɗauka Musulmi 'yan lelen Bature ne masu neman yaga ƙasa. A watan Agusta na 1946 aka kashe kimanin mutum 4,000 cikin kwana huɗu a Kalkata. A 1947 aka ɗauko wani lauya daga Ingila, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba, ya shata iyakar Indiya da Pakistan cikin mako biyar. Mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, waɗanda suka mutu kuwa masana tarihi na ƙiyasta su tsakanin 200,000 da miliyan 2.

Turawan da suka yi wannan aiki a can su ne suka mulki ƙasar nan, kuma sun bar irin nasu shingayen. Da Lugard ya ci Sakkwato a 1903 ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin jama'a ba, sai aka taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, aka sake musu hanya a cikin ƙabilun da ba Musulmi ba. Da yake mishan ce ke tafe da makaranta, sai ilmin boko ya yi nisa a wani gefe ya bar wani gefe a baya. A Kano aka keɓe wa baƙi 'yan Kudu Sabon Gari a bayan ganuwa tun wajen 1913, aka yi haka a Zariya da sauran garuruwa, har ya zama mutum na iya shekara talatin a gari bai taɓa zuwa suna ko jana'iza a gidan ɗan gari ba. A ɗaya gefen kuma aka bar ƙabilu irin su Kataf a ƙarƙashin Zazzau, da Sayawa a ƙarƙashin Bauci, mutanen da kakanninsu suka sha hare-haren neman bayi, ana naɗa musu hakimai daga waje, ana karɓar harajinsu. Da suka karɓi addinin Kirista, sai majami'a ta zama wurin da suke kai kukansu na sarauta da na gona.

Ta haka kowane ɓangare ya gāji tsoronsa, kuma babu tsoron da ba shi da dalili a cikinsu. Musulmin Arewa yana fargabar masu takardun boko su mamaye ofis da bariki su mai da shi baƙo a ƙasarsa, Kiristan ƙananan ƙabilu yana fargabar a mai da shi ƙarƙashin alƙali da hakimin da bai zaɓa ba. Hukumar Willink ta saurari irin waɗannan koke-koke a 1957 da 1958, ba ta ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi ba, aka shiga mulkin kai da su a ƙunshe. Su ne suka sake fitowa a taƙaddamar kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Majalisar Tsara Tsarin Mulki a 1978, da cece-kucen shigar Nijeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1986.

Duk wanda ya bi diddigin manyan tarzomomin da ake kira na addini zai tarar akwai abin duniya a gindinsu. Ta Zangon Kataf ta watan Fabrairu na 1992 a kan ƙaurar da kasuwa ta tashi, kafin ta dawo da muni a watan Mayu. Ta Jos ta 7 ga Satumba 2001, wadda ta ci kimanin mutum 1,000 cikin kwana shida, ta biyo bayan rigima ne a kan muƙamin jami'in shirin yaƙi da fatara a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, watau tsohuwar gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Ta Tafawa Balewa ta watan Afrilu na 1991 a kan nama da mahauta ta soma, alhali ainihin ciwon shi ne neman sarautar Sayawa. Nama ma yana da irin wannan tarihi a Indiya, inda saniya ke da tsarki a wurin 'yan Hindu. A watan Satumba na 2015, a wani ƙauye kusa da Dadri a jihar Uttar Pradesh, aka yi shela da lasifikar wurin bauta cewa wani magidanci Musulmi ya yanka saniya, jama'a suka fasa gidansa da dare suka kashe shi. A Dadri da Mafara duk jita-jita ce ta zama shaida, taron mutane ya zama alƙali.

Inda kuma gaba ke kawo ƙuri'a, ba a rasa mai yi mata ban-ruwa. Jam'iyyar BJP ta Indiya kujeru 2 ta samu a majalisar ƙasa a zaɓen 1984. Ta rungumi fafitikar gina wurin bauta a filin Masallacin Babri da ke Ayodhya, ta samu 85 a 1989. A 1990 shugabanta, L.K. Advani, ya yi jerin gwano yana ratsa ƙasa, ya kuwa zaɓi ya taso daga Somnath, inda Mahmud na Gazna ya rushe wurin bautar Hindu a 1026, don a tuna wa jama'a raunin da ya kusa shekara dubu. A zaɓen 1991 kujerunta suka kai 120. Ran 6 ga Disamba 1992 aka rushe masallacin, kimanin mutum 2,000 suka mutu a tarzomar da ta biyo baya. Masu wannan fafitika kullum suna ambaton Sarki Aurangzeb da ya mai da jizya a 1679, ba sa ambaton kakan mahaifinsa Akbar da ya soke ta a 1564. Haka ake yi wa tarihi a nan ma, kowa ya tsinci abin da zai wasa wuƙarsa da shi ya zubar da saura.

A nan gida, Alhaji Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999, ba a zub da jini a Zamfara ba, domin kusan dukan jama'arta Musulmi ne kuma abin da suka nema ke nan. Da maganar ta isa Kaduna, inda ɓangarorin biyu ke da yawa kuma tsohon tsoron nan ke kwance, sai ta zama gwajin ƙarfi. Tarzomar 21 ga Fabrairu 2000 ta ci rayuka sama da 1,000, aka rama a kan 'yan Arewa a Aba da wasu garuruwan Gabas. Daga nan kogin Kaduna ya zama iyaka, Musulmi suka tattara zuwa arewacinsa, Kiristoci zuwa kudancinsa. Yaran da aka haifa bayan wannan shekara da yawansu ba su taɓa zama aji ɗaya da ɗan wancan addini ba, abin da suka sani game da shi sai wanda aka faɗa musu.

Ba wai addini ba shi da nasa rabon ba. Martabar Annabi (S.A.W.) ta fi rai a wurin Musulmi, kuma wanda ke zaune cikin Musulmi ya kamata ya san haka ya kiyaye harshensa. Akwai kuma masu wa'azi a masallatai da majami'u waɗanda abincinsu zagin abin da wani ke girmamawa, rikicin Kwalejin Ilmi ta Kafancan na watan Maris 1987, wanda ya bazu har Zariya da Funtuwa da Katsina, daga bakin mai wa'azi ya taso. Amma Shari'ar Musulunci kanta hannun alƙali ta danƙa hukunci, bayan shaidu da bincike, ba ta kuma taɓa halatta a ƙone gidan wanda ya kai majinyaci asibiti ba. A lokacin da abin Mafara ya faru, kotunan Shari'a sun shekara 16 suna aiki a jihar. Masu tarzomar ba su nufi kotu ba saboda an riga an koya musu cewa wanda ya yi kisa a cikin taro gida yake kwana.

Wannan shi ne babban abin da ke renon gaba, ya fi duk sauran nauyi. Tarihin Turawa ya wuce, ba mai iya sake shi, 'yan siyasa kuma ba za su bar neman ƙuri'a ba. Abin da ke hannun hukuma shi ne hukunci, shi ne kuwa ta fi sakaci da shi. A Indiya, Hukumar Liberhan da aka kafa a Disamba 1992 don binciken rushe masallacin sai a 2009 ta miƙa rahotonta, bayan shekara 17. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce rushewar saɓa doka ce, amma ta ba 'yan Hindu filin. A 2020 wata kotu ta sallami dukan mutum 32 da ake tuhuma. A watan Janairu na 2024 Firayim Minista Narendra Modi ya jagoranci buɗe wurin bautar. Musulmin Indiya, wanda ƙidayar 2011 ta nuna su ne kashi 14 cikin 100 na jama'a, mutum miliyan 172, yana da dalilin ganin cewa abin da aka ƙwata da ƙarfi kotu ta tabbatar. Shi kuma ɗan Hindu yana da nasa lissafin, yana tuna dubban 'yan'uwansa da aka kora daga kwarin Kashmir a 1990, da mutum 59 da suka ƙone a jirgin ƙasa a Godhra a 2002.

Lissafin nan biyu su ne a ƙasar nan. Kirista zai ambaci matar da aka kashe a kasuwar Ƙofar Wambai a Kano a watan Yuni na 2016, da yadda aka sallami mutum biyar da ake tuhuma bayan wata biyar. Zai ambaci ɗalibar Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da aka kashe a Sakkwato ran 12 ga Mayu 2022, da yadda kotu ta saki mutum biyun da aka gurfanar saboda masu gabatar da ƙara sun daina halarta. Musulmi zai ambaci Zonkwa a watan Afrilu na 2011, da matafiya sama da 20 da aka tare a hanyar Rukuba a Jos a watan Agusta na 2021, da mafarauta 16 da aka ƙone a Uromi a watan Maris na 2025. Kowanne gaskiya ya faɗa, kowanne kuma rabin lissafin ya karanto. Hukumomin bincike kuwa ba a rasa su: ta Mai Shari'a Babalakin a kan Tafawa Balewa, ta Cudjoe a kan Zangon Kataf, ta Fiberesima da ta Niki Tobi da ta Ajibola duk a kan Jos, da kwamitin Sheikh Ahmed Lemu a kan tarzomar zaɓen 2011 wadda ta ci sama da mutum 800. Ana rantsar da su da ɗoki, su yi watanni suna sauraron zawarawa da marayu, su miƙa rahoto a ɗauki hoto, daga nan sai ƙura ta rufe shi.

Wani abin da ya fi wannan muni shi ne yadda gwamnatoci ke ba da bayan an zub da jini abin da suka hana lokacin da ake roƙo da takarda. Kataf sun daɗe suna neman masarautarsu, sai a 1995 suka samu, shekara uku bayan tarzoma. Shawarar Babalakin game da sarautar Sayawa kuwa sai da aka shafe fiye da shekara 30 ana ja-in-ja a kanta. Darasin da talaka ya ɗauka a nan bai da kyau ko kaɗan.

Mai shakkar wannan magana ba sai ya je Indiya ko Jos ba, ya dubi ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. A watan Afrilu na 1980, manoman da aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya cinye gonakinsu suka tare hanyoyi suna neman diyya, aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Babu zancen addini a ciki. Bayan shekaru kuma ga manomi Bahaushe da makiyayi Bafillatani, alƙibla ɗaya, liman ɗaya, wasu ma da auratayya a tsakani, sun zama ba sa ga maciji. An cinye burtali da makiyaya, an saci shanu ba a kama ɓarawo ba, an yi ɓarna a gona alƙali da ɗan sanda sun tatsi mai shanu ba su biya mai gona ba. 'Yan sa-kai suka shiga yanka Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, 'yan bindiga suka shiga ƙone ƙauyuka sukutum, har aka kai ga kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, da na makarantar Kaya ta ƙasar Maradun a watan Satumba. Duk abin da ake jingina wa bambancin addini, na jita-jita da ɗaukar laifin mutum ɗaya a ɗora wa ƙabilarsa, ya bayyana a nan tsakanin mutanen da ke sahu ɗaya ranar Juma'a. Wannan yanki kuwa shi ya ba jihar gwamnoni uku, ɗaya daga Bakura, ɗaya daga Mafara, ɗaya daga Maradun, saboda haka ba za a ce kukansa bai isa fada ba.

Hukunci yana yiwuwa idan an so. Bayan tarzomar Gujarat ta 2002, wadda gwamnatin Indiya ta ce ta ci Musulmi 790 da 'yan Hindu 254, kotun jihar ta sallami waɗanda ake tuhuma da ƙone mutane a wani gidan burodi. Kotun Ƙoli ta ɗauke shari'ar daga jihar a 2004 ta kai ta Bombay, aka ɗaure mutum 9 rai da rai a 2006. Da gwamnatin Gujarat ta saki mutum 11 da aka ɗaure saboda fyaɗe da kisan dangin wata mata a 2022, Kotun Ƙoli ta umarci a mai da su kurkuku a watan Janairu na 2024. Wannan bai goge abin da ya faru ba, amma ya bar wa wanda aka zalunta wata ƙofa ban da ramuwa.

Irin wannan ƙofa ce ake bukata a nan. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, Alhaji M.D. Abubakar, ya ba da rahoton cewa an kashe mutum 6,319 a Zamfara daga 2011 zuwa 2019, ya kuma nuna hannun wasu sarakuna da hakimai da jami'an tsaro a cikin lamarin. An tuɓe Sarkin Zurmi da na Ɗansadau a watan Afrilu na 2022, amma tuɓe rawani horo ne na ofis, ba ya maye gurbin shari'ar da ake kiran shaidu a bainar jama'a. Wajibi ne Gwamnatin Jiha ta buga wannan rahoto cikin Hausa da Fulatanci, a karanta shi a gidan rediyo yadda manomin Damaga da makiyayin da ke bayan garinsa za su ji abu ɗaya, kuma Ma'aikatar Shari'a ta gurfanar da duk wanda sunansa ya fito a ciki, ɗan sa-kai ne ko ɗan bindiga ko mai rawani. Haka nan ya kamata Gwamnatin Tarayya ta ɗauke shari'ar duk wani kisan taron dangi daga jihar da abin ya faru idan masu gabatar da ƙara suka soma ja da baya, ko a Sakkwato ne ko a Uromi.